Allonka Ya Fi Shagonka Girma, Amma Ina Aikin?

Wai don Allah wa ya gaya wa masu sana'ar garin nan cewa da fenti ake yin suna? Ka ɗauki titi ɗaya kawai a Kano, ko titin Gidan Zu ko hanyar Katsina, ka riƙa ɗaga kai kana karanta allunan da aka kafa a saman shaguna. Shago bai fi taku huɗu ba, keke ɗaya, benci ɗaya, fankar da ta mutu tun bara, amma allon da ke samansa sai da ƙarti uku suka hau tsani kafin ya ɗagu. Kowa na ƙasa da ƙasa ne. Kowa ƙwararre ne. Amana da gaskiya da alheri kuwa an rubuta su har sun gaji, wani ma har da hoton duniya a gefe, sai ka ce daga nan ake yi wa mutanen Dubai ɗinki. Shiga ka ba da aiki ka gani.

Yanzu kuma abin ya samu malamai. A tara matasa a ɗakin taro na otal, a karɓi kuɗin rajista, wani mai kwat ya tsaya gaban majigi yana koya musu yadda za a san da su: ka zaɓi launi, ka yi tambari, ka buɗe shafi a Instagram, ka riƙa ɗora bidiyo a TikTok safe da yamma, ka buga kati mai sheƙi. Ban ce duk banza ba ne. Amma ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ban taɓa jin an tara su an ce musu idan kun ce Laraba, to Laraba ba. Wannan darasin ba ya buƙatar majigi, ba a kuma karɓar kuɗin rajista a kansa, shi ya sa ya rasa malami.

Mu fara da tela, don shi ne ya taɓa kowa, mai kuɗi da talaka, malami da almajiri. Kowa ya san yadda wasan yake. Tun kafin azumi ka kai shaddarka, ka ce Malam, ka ga dai bana na zo da wuri. Ya auna ka, ya rubuta a wani littafin da ba zai sake buɗewa ba, ya karɓi kafin alƙalami, ya ce goma ga azumi ka zo ka ɗauka in sha Allahu. Goma ga azumi ka je, an yanka, saura haɗawa. Ashirin ga azumi, yana wajen mai aikin wuya. Ashirin da bakwai, waya a kashe. Daren Sallah sai ga ku, magidanta da gemunku, kun jeru a kan benci kowa yana gadin yadinsa, don ka san da ka tashi kama ruwa za a ture naka a ɗora na wanda ya fi ka ɗaga murya. Kuma a gabanka, wallahi a gabanka, wani zai shigo da sabon yadi a leda, tela ya miƙa hannu ya karɓa. Ya karɓa!

Lissafin nan fa ba na jami'a ba ne. Mutum ya san kaya nawa yake iya gamawa a rana shi da yaransa. Ya san azumi kwana 29 ne ko 30, ba a taɓa ƙara masa ko yini ɗaya ba. Duk abin da ya karɓa sama da ƙarfinsa, tun yana miƙa hannu ya san ba zai ɗinka ba. To me ake kiran wanda ya karɓi kuɗi a kan abin da ya san ba zai yi ba? Ku faɗa da bakinku. Kafin alƙalamin kuwa an riga an yi cefanen buɗa-baki da shi, an rage bashin bara, don haka ko ka ce a ba ka abinka ka ƙara gaba, yadin an yanka, kuɗin babu. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Namu sun ci ladan, sun ɓoye askar.

Ran da ka tsare shi kuma sai ya ce Allah bai nufa ba. Allah ne bai nufa ba, ko kai ne ka karɓi na mutum ɗari kana da ƙarfin arba'in? Kuma shi ne a sahun gaba a sallar asham, liman yana karanta surar masu tauye mudu yana gyaɗa kai, a ransa da masu awon hatsi ake, ba da shi ba.

Bakanike nasa salon daban. Shi bakinsa bai iya cewa ban san abin da ke damun motar nan ba. Zai saurari inji, ya karkata kai, ya ce fulogi ne. Ka saya. Ba fulogi ba ne, famfon mai ne. Ka tafi Ƙofar Ruwa ka sayo. Ai ba shi ba ne, ƙwaƙwalwar motar ce. A kan motarka yake koyon aiki, kai ne kuma mai biyan kuɗin makarantar. Motocin yanzu akwai na'urar da ake jona musu ta nuna inda ciwon yake, kuma ba ta gagari mai gareji saye ba, amma ya fi son kintace, tunda kuɗin kintacen ba daga aljihunsa yake fita ba. Mai gyaran waya ya rantse maka sikirin ɗin orijina ne, bayan sati ya fara danna kansa da kansa, ka koma ya ce ai yar da ita ka yi. Mai gyaran famfo ya fasa maka bango, ya karɓi kuɗin bututu, ya ce bari ya je ya dawo. Yana nan dawowa.

Da ka matsa, a sauya layin waya. Da abin ya yi ƙamari, a tashi daga shagon a koma wata unguwa, a kira mai fenti ya rubuta sabon suna. Shi ke nan, an yi wanka, an zama sabon mutum. Sunan da gwangwanin fenti ɗaya zai shafe, a kansa kake so in damƙa maka dukiyata?

Kada kuma wani ya ce mini haka muke tun asali. Ƙarya ne. Mutanen da muka gada sun yi suna daga nan har bakin teku ba su kafa allo ko ɗaya ba. Wani masani haifaffen Iraƙi mai suna Abner Cohen ya zauna cikin Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda suke cinikin shanu da goro, kuma abin da ya gani ya isa ya sa mu sunkuyar da kai. Mai shanu ya taso daga Arewa da dukiyarsa, ya sauka a gidan maigidansa a Sabo, ya damƙa masa. Dillalan maigidan su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, sai bayan makonni a biya. Babu takarda, babu sa hannu, babu lauya a tsakani. Idan mahauci ya ci kuɗin, maigida ne zai biya baƙonsa. Saboda haka dole ya san kowane mahauci ciki da bai: wa ke biya a kan lokaci, wa bashi ya yi wa katutu, wa ya fara wasa. Mahaucin da ya saɓa ba sai an je gaban alƙali ba, a kasuwar ake rufe masa ƙofa, ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi sai ya biya. Maigidan da ya ci amanar baƙo ɗaya kuwa, labari zai riga baƙon isa gida, baɗi ɗakunan saukar baƙinsa ba mai kwana a ciki.

Ba wai mutanen da waliyyai ba ne. Akwai macuta a cikinsu kamar kowane zamani. Bambancin shi ne a lokacin cuta tana da tsada, kuma kowa akwai wanda ya tsaya masa, wanda idan an yi ɓarna aljihunsa ne zai yi kuka. Dubi rinin Kura. Baƙin rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, Buzaye da sunansa suke nemansa har Agadas da gaba da ita. Sunan gari guda ya zama shaidar kaya. Kowace sana'a kuma da shugabanta, Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina, wanda za ka kai wa kuka ya kira mutum ya tsawatar, a kuma ji.

Yau wa ya tsaya wa wa? Sarautun suna nan, ana naɗa rawani, ana hawan doki. Ƙungiyoyi kuwa ba a magana, ta teloli, ta kanikawa, ta masu gyaran waya, kowace da shugaba da sakatare da ma'aji da katin shaida. Suna da ƙarfin tara kuɗin mako. Suna da ƙarfin tsayar da farashi. Suna da ƙarfin cika mota a je a yi wa ɗan takara mubaya'a idan zaɓe ya matso. Kai ƙarar ɗansu ka ga yadda ƙarfin zai tsiyaye. A yi haƙuri, yaronmu ne, yana da iyali. Kai da aka cuta ba ka da iyali, daga sama ka faɗo. Akwai 'yan tsirarun shugabanni da suke zama su ƙwato wa mutum haƙƙinsa, Allah ya saka musu, amma ana ba da labarinsu ne saboda ƙarancinsu.

Koyon sana'ar ma ya zama abin da ya zama. A da yaro yakan yi shekara da shekaru a gaban maigidansa kafin a yaye shi, kuma maigidan ne zai ce ya isa, don duk ɓarnar da ya yi a waje cewa za a yi yaron wane ne. Yanzu wata shida, ya iya taka keke, ya yi faɗa da ogansa, ya kama shago a layi na gaba. Ko kuma a tara matasa sati biyu da sunan koyar da sana'a, a raba musu keke da takardar shaida a gaban kyamara, a tafa. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ta daɗe tana da jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin ba masu aikin hannu shaidar ƙwarewa, amma zagaya layinku ka tambaya wa ya taɓa zama aka gwada shi. Mu masu ba da aikin ma ba ma tambaya.

Binciken da hukumar SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi a kan shekarar 2020 ya nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Najeriya sun kusa miliyan 40, fiye da kashi 90 cikin ɗari kuma 'yan ƙanana ne, irin na mutum ɗaya da yaransa. Duk wannan jama'a, abin da hukuma ta fi iyawa shi ne ta ce a yi rajista. A 2024 hukumar CAC ta ba masu POS wa'adi, daga 7 ga Yuli aka ɗaga zuwa 5 ga Satumba. A yi, ba laifi, aƙalla a san wanda za a nema. Sai dai takarda ba ta gyara hali. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta ɓace, mun ga abin da wasu masu POS na unguwa suka yi wa maƙwabtansu, mutanen da suke haɗa sahu da su sau biyar a rana: kuɗinsu suka riƙa sayar musu, ba kunya ba tsoron Allah. Wasu kuma suka riƙe mutunci, suka ɗora kaɗan, suka gaya wa mutane gaskiya cewa su ma sayowa suke. Har yau unguwa ba ta manta da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC, Kano tana da tata hukumar, akwai kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi. Madalla. Amma wane magidanci ne zai bar neman abincinsa ya yi ta zarya saboda ɗinkin dubu goma sha biyar? Macucin ya fi ka sanin wannan lissafin. Shi ya sa yake yanka daidai gwargwadon abin da ba za ka bi ba.

To amma tsaya, ɗan'uwa, kada ka gyara zama kana jin daɗi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne fa. Mu ne muke kai yadi ana jibi Sallah, muna magiya, muna haɗa tela da Allah da Annabi, alhali mun san ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ne mai aikin ƙwarai zai ce dubu ashirin, mu ce kai ka cika tsada, mu tafi wajen na dubu takwas, ya dagargaza, mu dawo wa na farkon da gawar aikin muna neman ragi wai don mun riga mun kashe kuɗi. Araha ba ta ado, mun haddace, aiki da shi ne ba ma yi. Mu ne masu karɓar kaya mu ce zan turo maka, alat ɗin yana hanya tun Sallar bara. Manyan ma sun fi. Alhaji ya sa a yi masa ƙofofi da tagogin gida gaba ɗaya, mai walda ya ci bashin ƙarfe ya yi, sannan ya koma zaman ƙofar gida yana gaida mai gadi: yana barci, ya yi tafiya, ya tafi Umara. Mutumin da aka yi wa haka, ran da kafin alƙalamin wani ya shigo hannunsa, da shi zai toshe ramin. Haka cutar take zagayawa, kowa yana hucewa a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Sai babbar cutarmu, rufin asiri. Mutum ya cuce ka, ka kwana kana Allah ya isa, gobe maƙwabcinka ya tambaye ka yaya aikin wane, ka ce to, ba laifi, yana ƙoƙari. Saboda me? Kada a ce ka hana shi cin abinci. Kada a ce daga bakinka aka ji. Ƙanin matar yayanka ne, tare kuke zuwa ɗaurin aure. Sai ka tura bawan Allah cikin ramin da ka fito jiya, kana ganin halin girma ka yi. Wanda ya nemi shawararka fa amana ya ba ka, kuma malamai sun daɗe da bayyana cewa gaya wa mai neman shawara gaskiyar wanda zai yi hulɗa da shi ba ya cikin gulmar da aka hana. Amma mun fi jin kunyar macuci a kan haƙƙin maƙwabci. A garin da kowa "yana ƙoƙari", ta ina mai aikin kirki zai fita daban?

Gurbin da bakin jama'a ya bari, 'yan talla ne suka cike shi. A ba wani mai tarin mabiya kuɗi, ya tsaya a ƙofar shagon da bai taɓa kai wa aiki ba, ya rantse duk Arewa babu kamarsu. Gobe yana shagon da ke kallon wannan, da rantsuwa iri ɗaya. Hotunan da ke shafin kuwa wasu aikin mutane ne aka kwaso daga intanet. Ka nuna ka ce irin wannan nake so, a ce ai mu muka yi shi. Ran da ka karɓa sai ka riƙa duba hoton kana duba kayan kana neman inda suka haɗa dangi.

Na san abin da za a ce, rayuwa ta yi tsada. Gaskiya ne. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Naira ta faɗi, zare da ƙarfe da kayan gyara duk suka bi dala. Wuta ko babu, ko ta zo da kuɗin da ya fi ƙarfin shago. Farashin da bakanike ya faɗa yau, jibi ya tashi. Duk na yarda. Amma tsadar fetur ce ta hana ka ɗaga waya? Kira ɗaya. Malam, kaya sun tashi, ko ka ƙaro ko ka zo ka ɗauki abinka. Malam, ba zan gama Laraba ba, sai Asabar. Nawa ne kuɗin wannan? Mutum zai yi faɗan minti biyar ya huce, ya kuma dawo, don ya san ba ka raina masa hankali ba. Wanda ba ya dawowa shi ne wanda ya biya adaidaita sahu tun daga wata uwa duniya ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Masu kirkin suna nan, kada in ɗauki alhakinsu. Kowace unguwa akwai su. Sai dai a ce maka bi lungun nan, bayan masallaci, ka tambayi dattijon nan mai gyaran janareta. Ka lura da su, halinsu kusan ɗaya ne. Sun iya cewa a'a. Tun kafin a ga watan azumi ya rufe karɓar ɗinki, ko wa ya zo. Sun iya cewa wannan ba fannina ba ne, je ka wajen wane. Suna ajiye maka tsohon abin da suka cire ka gani da idonka. Suna tambayarka mai kyau kake so ko mai araha, ga kuɗin wannan ga na wancan. Idan aiki ya dawo su gyara ba tare da ɗaure fuska ba. Shekara ashirin suna wuri ɗaya da lamba ɗaya, don ba su da wanda suke gudu. Mu kuma muna nan muna kashe su da bashi da neman ragi da "ai kai namu ne".

Kuna son ganin inda abin ya kai mu? Ku je inda ake manyan gine-gine a Abuja, ko a nan Kano ma, ku tambaya wa ke shimfiɗa tayil, wa ke yin silin ɗin POP. Sau da yawa za a ce muku 'yan Togo ne ko 'yan Kwatano. Mai gini ya gwammace ya ɗauko mutum daga wata ƙasa, ya ba shi wurin kwana, ya biya shi da tsoka, ga matasanmu nan zaune a bakin titi da cebur suna jiran a kira su. Wasu cikin baƙin nan ko Hausa ko Turanci ba su ji sosai, balle su yi talla. Abin da ya kawo su bakin wani mai gini ne da ya gaya wa wani cewa layinsu yana miƙewa, kuma suna gama abin da suka fara. Sannan mu taru a majalisa muna cewa baƙi sun ƙwace mana aiki. Ba su ƙwace ba. A ƙasa suka tsinta.

Shugabannin ƙungiyoyi, idan da gaske kuke, ku kori mutum ɗaya. Ɗaya tak, wanda kowa a kasuwar ya san halinsa. Ku biya wanda ya cuta daga kuɗin makon nan da kuke tarawa, ku liƙa sanarwa a ƙofar ofis kowa ya karanta. Ran da kuka yi haka mutane za su fara tambayar katin ƙungiya kafin su ba da aiki, ba sai kun biya kowa ya yi muku rantsuwa a bidiyo ba. Masu sana'a, takarda da biro: ga aiki, ga kuɗi, ga rana, ɗaya a wajenka ɗaya a wajena. Duk wanda ya ce haba, ai tsakaninmu ba sai an rubuta ba, shi ne ainihin wanda za a rubuta wa. Ni kuma duk wanda ya tambaye ni yaya aikin wane, abin da na gani zan gaya masa, mai daɗi da marar daɗi, ko wanen yana tsaye a wurin, ko surukina ne. A kira ni mai tonon asiri. Wanda ya ji haushi ya kawo mini canjina tukuna, sannan mu yi maganar zumunci.